Ranar da Na Yi wa Kafiretar Surukina Fenti

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na tsaya a tsakiyar lambun surukina, gaban mutum kusan ashirin, ina ba da darasi a kan yadda inji yake aiki, alhali kowa a wurin yana ganin abin da ke fuskata ban da ni. Yau shekara huɗu ke nan, amma ko jiya da na ratsa layin masu sayar da tukwanen dalma a kasuwar Funtua sai da na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan Funtua, ɗan gari gaba da baya, wanda in ka ga fartanya a hannunsa to ranar sharar makaranta ce. Matata Habiba kuwa 'yar wani ƙauye ce da ke bayan Gozaki, kuma ita ce 'yar fari a wajen mahaifinta, Malam Isiyaku, wanda duk muke kira Baba. Manomi ne na gaske. Da damina masara da auduga, da rani kuma tumatir a wani lambu da yake da shi a bakin rafi, kuma tumatirin nan shi ne ke riƙe gidan daga kaka har faɗuwar ruwa.

Baba mutum ne mai kunya irin ta mutanen da. Bai taɓa kiran sunan Habiba ba, sai dai ya ce "mutanen Funtua". Ni kuma a shekara bakwai da na yi ina surukinsa, maganarmu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In durƙusa, ya kawar da kai ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi yara, shi ke nan. Idan akwai abin da yake so in ji, sai ya juya ya gaya wa Nomau, maƙwabcin lambunsa, ina zaune ina saurare. Nomau Bamaguje ne, abokin Baba tun suna samari. Ba su haɗa alƙibla ba, amma sun haɗa rafi da tiyo da ƙwaryar fura, kuma duk kunyar da Allah ya ba Baba, ya hana Nomau ko ƙwayarta.

Zan faɗi gaskiya, abin yana damuna. Mazan ƙannen Habiba duk manoma ne. In sun zo sai ka ga sun tuɓe riga, wannan ya kama gyaran danga, wancan ya ɗauki buhu, Baba yana ta miƙa musu wannan da wancan. Ni in na zo da burodina da sukarina, sai a shimfiɗa mini tabarma a inuwar mangwaro a kawo ruwa a kofi mai murfi. Girmamawa ce, na sani. Amma babu abin da nake buri kamar wata rana Baba ya dube ni ya ce, "Miƙo mini wancan."

To, wata Asabar bayan kaka mun je gaisuwa, sai muka tarar da Baba a lambu tsugune gaban injin ban-ruwansa. Tsohon inji ne da ya girmi aurena nesa ba kusa ba, fentinsa ya koɗe har ba ka iya cewa ja ne ko ruwan ƙasa. In an ja igiya sai ya tashi, ya yi tari sau uku kamar mai mura, ya mutu. Bakaniken ƙauyen ya tafi Musawa jinyar mahaifiyarsa, ba a san ranar dawowarsa ba. Irin tumatir kuwa ya isa dashe, an ma riga an sa gayya Asabar mai zuwa.

Shaiɗan ya raɗa mini cewa ga ranata ta zo. Na tashi daga tabarmata, na zagaya injin sau biyu hannuwana a baya, na ce, "Baba, ai kafireta ce. Datti ne ya toshe ta. Mu muke koyar da wannan a aji biyar." (Gaskiya ne ina koyarwa. Na zana ta a allo ya fi sau talatin, da alli mai launi ma. Abin da ban faɗa ba shi ne ban taɓa riƙe ta a hannu ba.) Na ce a ba ni in tafi da ita gida, ranar gayya zan dawo da ita sabuwa fil.

Yanzu na gane cewa da ma Baba da kansa yana shirin kwance ta ne ya hure dattin, aikin rabin awa. Amma yaya zai ce wa surukinsa a'a a gaban mutane? Ya ɗauko sifana ya kwance noti biyu, ya zare kafiretar, ya naɗe ta a tsumma a hankali kamar mai naɗe jariri. Sannan ya juya wajen abokinsa.

"Nomau," in ji shi, "ka san injin nan tsoho ne irina. Ba ya son a raba shi da abin da ya saba da shi."

Nomau ya ce, "Malam, ka dai ji."

Na ce na ji. A raina kuwa na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai, irin wanda ake amsawa da "haka ne" a wuce.

Washegari da hantsi na buɗe asibitina a tsakar gida. Na ɗauko babban farantin Habiba na kayan aure, wanda ba a fito da shi sai da Sallah, na shimfiɗa jarida a kai. Na jingina waya da turmi, na kunna bidiyon wani Bature mai tsabtataccen gareji yana gyaran kafireta da safar hannu. Yana kwancewa ina kwancewa. Na cire kofin da ke gindinta inda mai yake taruwa, na cire fulot, 'yar robar nan da ke tasowa ta rufe hanyar mai in kofi ya cika, na jera komai a layi kamar kayan gwaji. Har nan lafiya lau, har ina 'yar waƙa.

Sai na zo kan jet, wani ɗan noti na jan ƙarfe mai ƙaramar huda a tsakiya, wanda ta nan mai yake bi ya shiga inji. Na ɗaga shi na duba, sai na ga wani silin waya siriri kamar gashi a cikin hudar, an lanƙwasa kansa kamar ƙugiya. Na duba jet ɗin Bature, babu waya. Na buga cinya na ce, "Ga ɓarawon!" Na zare shi na jefar a ƙasa. Na duba bakin kafiretar inda take haɗuwa da inji, maimakon gasket irin na kanti sai na ga wani kwali mai kauri da aka yanka da hannu, ya sha mai ya yi baƙi. Na girgiza kai don tausayin mutanen ƙauye, na ɓamɓare shi, shi ma na jefar.

Habiba tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta ce, "Malam, wayar nan da ka yar..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Na ce, "Habiba, ina sa miki baki in kina miyar kuka? To ki bar ni da abin da na karanta."

Ta dube ni, ta dubi farantinta, ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Can na ga ta ɗauko tsintsiya tana share inda na zauna, ban kula ba.

Kwana uku na yi ina wanke abin nan. Na jiƙa shi a kananzir, na goge da tsohon buroshin haƙori. Inda ya yi tsatsa-tsatsa na bi shi da toka da lemun tsami, yadda na ga ana yi wa gindin tukunya. Na shiga kasuwa na sayo sabon gasket siriri mai kyau a leda. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma da na haɗa ta na ajiye a kan farantin, sai na ga duk wankin nan ba ya nunawa daga nesa, ni kuwa so nake tun daga bakin lambu a san an yi aiki. Na koma kasuwa na sayo fentin feshi ruwan azurfa. Mai shagon ya tambaye ni me zan fesa, na ce kafireta. Ya ce, "Kafireta kuma?" Na ce masa sabon salo ne.

Na fesa mata shafi ɗaya, na ga ta yi kyau, na ƙara na biyu, na ƙara na uku don albarka. Duk wata 'yar huda da ke jikinta ta shafe, ta yi sumul. Na rataye ta a igiyar shanya tsakanin zanen Habiba da rigar makarantar 'yarmu Ummi, tana juyawa tana walƙiya a rana. Na ɗauke ta hoto na tura wa malaman makarantarmu. Mataimakin shugaba ya rubuto cewa ashe injiniya muke da shi ba mu sani ba, ni kuma na amsa da cewa ai ɗan abin da ba a rasa ba ne.

Ranar Juma'a da yamma na yi abin da har yau in na tuna sai na runtse ido. Na kira wayar Nomau na ce ya gaya wa Baba gobe tun da hantsi a tuge irin duka, kada a jira a ga tashin inji, domin inji ya riga ya zama sabo. Wanda ya san lambu ya san ba a tuge iri sai an ga ruwa ya kwanta a fangali. Nomau ya ce, "Duka, Malam?" Na ce duka. Baba kuma, saboda kada a ce bai yarda da maganar surukinsa ba, ya sa aka tuge.

Washegari mun isa ƙauyen ana gab da azahar. Habiba ta wuce cikin gida wajen mata masu dafa abincin gayya, ni na nufi lambu da farar shadda da hula, domin a lissafina aikin noti biyu ne, ko hannun riga ba sai na naɗe ba. Na tarar da mutane sun taru, har da mazan ƙannen Habiba su biyu. Fangalai a share, a bushe, suna jiran ruwa. A gindin mangwaro kuma ga irin tumatir dami-dami an rufe da jiƙaƙƙun buhuna, na shekara guda cur.

Na buɗe tsumman a hankali don kowa ya gani. Aka yi "kai!" Wani ya ce sabuwa aka sayo, na ce a'a, hannu ne. Baba ya dube ta ya daɗe. Na ɗaura ta, na ɗaure noti, na buɗe mai, na yi bisimilla da ƙarfi na ja igiya.

Shiru. Na sake ja. A ja na bakwai ya yi wata gurnani, ya tofar da baƙin hayaƙi a kan shaddata, ya mutu. Na ce, "Yana gaisawa da sabon abu ne," aka yi 'yar dariya ta ladabi. Na ja har na daina ƙirgawa. Hulata ta faɗi, wani ya ɗauka ya riƙe mini. Sai ga fetur yana ɗiga daga kafiretar, ɗis, ɗis, yana bin jikinta.

A nan ne na tuna na sha ganin kanikawa suna kafa baki suna hurawa. Na cire murfin iska, na durƙusa, na rungumi kafiretar da hannu biyu, na kafa bakina a kanta na hura iya ƙarfina. Na sake hurawa. Na share gumi da tafin hannu, na murza hanci, na shafa gashin baki. Abin da Baturen bidiyo bai gaya mini ba, kuma ni malamin kimiyya ban tuna ba, shi ne fetur yana narkar da irin wannan fentin.

Na miƙe na ga kowa ya sunkuyar da kai. Na ɗauka sun karaya ne, don haka na ga ya kamata in kwantar musu da hankali da ilimi. Na tsaya na fara bayani, da hannu da komai, yadda iska da mai suke haɗuwa daidai gwargwado, yadda in ɗaya ya rinjayi ɗaya wuta ba ta kamawa. Kafaɗun mijin ƙanwar Habiba suna ta rawa, ya cusa bakin rigarsa a baki. Wani ya juya baya wai yana duba tiyo. Ni kuwa sai ƙara murya nake yi, ina jin daɗin yadda aji ya yi tsit.

Nomau ne ya kasa. Ya fashe da dariya har ya zauna a kan kunya, yana nuna ni da sandarsa.

"Isiyaku! Wallahi surukinka ya zama tukunyar dalma! Malam, don Allah tsaya haka nan, a kira masu kasuwa su yi maka kuɗi!"

Na ciro waya na duba fuskata. Leɓuna azurfa. Hanci azurfa. Gashin baki azurfa, ga shatar yatsu huɗu a goshi. Lambun ya kece da dariya gaba ɗaya, wadda aka daɗe ana dannewa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Baba ya tashi ya je gindin mangwaro ya ɗaga buhu ɗaya. Na hango ganyen irin ya fara langaɓewa. Ya yayyafa masa ruwa da hannu, ya mayar da buhun, ya dubi rana. A nan dariyar ta mutu da kanta, ni kuma kunyata ta koma tsoro. Fuska a wanke ta, amma in irin nan ya mutu, babu inda za a samo wani a wannan lokacin, kuma ni na ce a tuge.

Baba ya zo ya tsuguna, ya kwance kafiretar, ya buɗe kofin, ya ciro jet. Ya ɗaga shi sama ya leƙa hudar da ido ɗaya. Ya daɗe a haka.

"Nomau," ya ce a hankali, "da akwai wata 'yar waya a nan."

Nomau ya juyo ya ce, "Malam, ana tambaya. Ina waya?"

Na ce, da leɓunana na azurfa, "Na... na ɗauka datti ne. Na yar."

Nomau ya riƙe baki. "Ka yar? Malam, hudar nan shekara ashirin ana zura mata allura ana fitar da datti, ta buɗe ta zama ƙofar gari. Wayar nan ita ke rage ta, don kada mai ya yi wa inji yawa ya shaƙe shi. Sai da Isiyaku ya gwada sili ya fi goma kafin ya sami wanda ya yi daidai. Kai kuma ka zo ka yi mana gyaran gangar Auzinawa!"

Wato darasin da na gama bayarwa yanzun nan, na iska da mai daidai gwargwado, Baba ya riga ya rubuta shi da silin waya tun ina makarantar firamare. Aka fara shawarar a fasa wata tsohuwar tocila a nemi waya, wani ya ce a hau babur a je Malumfashi neman sabon jet, wani ya ce kafin a je a dawo rana ta faɗi. Ina tsaye kamar an dasa ni.

Sai ga mata sun iso da kwanukan dambu a ka, Habiba a gaba. Ta sauke kwanonta, ta dube ni. Na ga leɓenta ya motsa, ta cije shi (wannan cizon, har gobe ina ganin girmanta saboda shi). Ba ta tambayi abin da ya faru ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta ciro wata 'yar takarda a ƙudundune, ta durƙusa nesa kaɗan da mahaifinta ta ajiye a kan dutse. Baba ya buɗe. Silin wayar ne, da 'yar ƙugiyarsa.

Daga baya ta gaya mini cewa tun tana 'yar shekara tara ita ke riƙe wa Baba noti a tafin hannu in yana wannan aikin. Ta san wayar kamar yadda ta san 'yan kunnenta. Na ce me ya sa ba ta gaya mini ba, ta ce, "Ai miyar kuka aka ce in tsaya a kai."

Baba bai dube ta ba. Ya ce wa Nomau, "Mutanen Funtua sun kyauta." Ya zura wayar a mazauninta. Ya karyo ƙayar bagaruwa ya bi 'yan hudojin da na shafe da fenti ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, ashe ta nan kafiretar take numfashi. Ya ɓare sabon gasket ɗina, ya shafa bakin ƙarfen da yatsa, ya nuna wa Nomau yadda tsufa ya sa ya ɗan karkace, siririn gasket ba zai toshe shi ba. Sannan ya jawo jakar kayan aikinsa ya ciro wani tsohon littafin rubutu na 'yan firamare, mai bango mai kauri irin na da. Bangon duk an yanke shi gurbi-gurbi, saura kaɗan.

Ina tsaye a kansa, don haka na ga abin da ke rubuce a saman bangon, da rubutun yara mai karkata: Habiba Isiyaku, aji huɗu. Duk yankan da aka yi shekara da shekaru, an bi ta gefe an kewaye sunan, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba.

Na dubi Habiba, na ga ita ma ta gani. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta koma wajen kwanuka. Mutumin da bai taɓa furta sunanta ba, ashe kullum sunan yana cikin jakarsa a bakin rafi. Nomau ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya riga shi, ya ce, "Kwalin da ne, ya fi na yanzu kauri." Nomau ya ce, "Haka ne," kuma wannan ne karo na farko da na ga ya bar zance ya wuce.

Baba ya yanka kwalin da reza, ya ɗaura kafiretar, ya goge fulogi da gefen rigarsa ya mayar. Ya kama igiya kamar zai ja, sai ya tsaya. Ya ɗago ya dube ni, ni kaina, ido cikin ido, ba ta hannun Nomau ba.

"Malam," ya ce, "zo ka ja mana. Hannunka ya fi nawa ƙarfi."

Na ja. Ja ɗaya ya tashi, da wata murya mai daɗi, tiyo ya kumbura, ruwa ya yi tsalle ya faɗa fangalin farko. Aka yi kabbara, Nomau ya jefa hularsa sama. Baba ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Kun ji muryarsa? Wankin da Malam ya yi masa ne. Rabon da in ga cikin kafiretar nan da haske haka tun tana sabuwa." Kowa a wurin ya san abin da ya faru, kuma kowa ya ce haka ne. Ni dai na juya ina kallon rafi, domin idanuna sun cika, kuma mai fuskar azurfa ba ya buƙatar ƙarin abin kallo.

Ban koma tabarma ba ranar. Na tuɓe takalmi, na naɗe shadda, na shiga laka aka koya mini dashe. Sau biyu Baba yana cewa, "Malam, miƙo mini wancan damin," ina miƙawa kamar an ba ni sarauta. Mun gama ana kiran magariba. Ba duka irin ya rayu ba. Fangali uku na can ƙarshe, waɗanda ruwa bai kai gare su da wuri ba, sun ƙone, daga baya Baba ya zuba musu alayyafo. Har yau sunan wurin fangalin Malam, ni kuma sunana a ƙauyen Mai Azurfa, har yara suna gaishe ni da shi cikin ladabi, sun ɗauka sarauta ce. Fentin kuwa sai da Habiba ta yi kwana biyu tana bin gashin bakina da man gyaɗa, ranar Litinin na shiga aji da sauran ƙyalli a gefen hanci na ce wa ɗalibai gwaji muka yi.

Bara da kaka Nomau ya kira ni ya ce Baba yana nemana a lambu. Na tarar da shi da kafiretar a kan tsumma. Har yanzu akwai ragowar fentina a bayanta, bai kankare ba. Ya nuna mini yadda ake kwancewa, ya sa na zare wayar da hannuna na mayar sau uku. Sannan ya ciro littafin. Bangon ya ƙare, babu abin da ya rage sai ɗan yankin da sunan yake. Ya ninke shi ya sa a aljihun gaban rigarsa.

"Malam," ya ce, "in za ku zo wani satin, ka taho mini da tsohon littafin amaryata Ummi. Mai kaurin bango. Ka ce ta rubuta sunanta da kyau."

Tun daga wannan Asabar ɗin, in na buɗe tsohon abu na tarar da wani baƙon abu a ciki, ko tsinke ne ko ƙulli ko guntun tsumma, ba na taɓa shi sai na nemi wanda ya sa na tambaye shi dalili. In kuma matata ta ce "Malam, wannan abin...", ajiye sukundireba nake yi in juyo da kujerata gaba ɗaya. Ragowar gwangwanin fentin yana nan a saman kabad. Habiba ta hana a yar, ta ce a gidan nan an daina yar da abu ba a tambaye ta ba.